Kira Ga Hukuma Da Jami'o'inmu A Kan Tsofaffin Kwamfutoci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta dame ni, wadda kuma na tabbata ta shafi iyaye da yawa a nan Kano ko da ba su ankara ba tukuna.

Da farko ina neman uzuri wurin masu karatu, domin ni ba ɗan boko ba ne, iyakata aji shida na firamare. Sana'ata noma, ina da 'yar gona a wajen Dawakin Kudu, in rani ya yi kuma in zauna a 'yar tiredata a nan Babban Giji ina sayar da su sabulu da magi da sukari da ashana. To na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan manomi da zancen kwamfuta? Abin da ya haɗa mu shi ne buhu huɗu na masara da buhu ɗaya na wake.

Shekarun baya babban ɗana zai rubuta jarrabawar JAMB, kuma kowa ya sani tun 2015 aka mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron nan bai taɓa zama gaban kwamfuta na awa ɗaya cur ba. Na ce ba zan bari ya je ɗakin jarrabawa yana lalube kamar makaho ba, sai na sayar da waɗannan buhuna na saya masa laftof 'yar Beljiyam. Alhamdu lillahi ya ci, yanzu yana karatu, da yamma kuma yana buga wa mutane takardu a shagon wani abokinsa a Gyaɗi-Gyaɗi, yana samun na mota da na sabulu ba tare da ya tambaye ni ba. A cikinta yake rubuta mini sunayen masu bashi a tireda. A cikinta yake ajiye lissafin ƙungiyarmu ta manoma. Ƙanwarsa kuma tana jiran nata lokacin jarrabawa ya zo ta yi gwaji da ita. Ka ga kenan, Malam Edita, wannan na'ura a gidana tamkar saniyar tatsa ce.

Kwatsam sai ta fara fito da wata sanarwa, wai daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Na ce wa yaron, mece ce kuma Windows 10? Ya ce, "Baba, ita ce babbar manhaja, ita ce kamar maigida a cikin kwamfuta. Sauran ƙananan manhajoji na rubutu da na lissafi da na kallo duk 'yan haya ne a gidanta." Ya ce kwamfutar ba mutuwa za ta yi ba, za ta ci gaba da aiki, amma in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, babu mai zuwa ya toshe ta, sai ga wanda ya shiga ƙarin wa'adin shekara ɗaya da aka bayar zuwa Oktoban 2026. Wato dai gida ne da magini ya ce ya daina zuwa yaɓe, ga damina tana tafe. Na ce to a sa mata sabuwar mana. Ya ce sabuwar, wato Windows 11 da ta fito a 2021, tana neman wani ɗan ƙarfen tsaro a cikin na'ura da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, kuma galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2018 ba su cika sharaɗin ba. Tamu tana cikinsu.

Muka ɗauka muka kai wa wani mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Alhaji, wannan ai ta gama yayi. Ka bar mini ita in cire kayan ciki, ka cika kuɗi in ba ka wata." Da ya faɗi cikon sai da na cire hula na shafa kai, domin ya fi abin da na samu a gonar bara gaba ɗaya. Na'urar nan fa lafiyarta ƙalau, allonta bai fashe ba, batirinta yana riƙe wuta. Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba.

Ni dai ban ga laifin kamfanin ba. Kayansa ne, ya fito da Windows 10 a 2015, ya yi shekara 10 yana kula da ita, kuma ɗan kasuwa ba ya buɗe shago don Allah ya isa. Haka aka yi da Windows XP a 2014, haka aka yi da Windows 7 a 2020, kuma wata rana haka za a yi da ta yanzu. Laifin namu ne da muka ɗora dukkan kayanmu a kan jaki ɗaya, jakin kuma na aro.

Allah da ikonsa, wani maƙwabcina ya haɗa mu da wani matashi mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Farm Centre, nan Tarauni. Ya duba ya ce, "Baba, kada ka sayar. Akwai wani maigidan da ba ya raina tsohon gida." Ya kwashe mana takardunmu ya ajiye a gefe, ya zaro ɗan filas daga aljihu ya soka, kafin la'asar ya sa mata wata babbar manhaja mai suna Linux Mint. Kuɗin aikinsa kawai na biya. Na tambaye shi kuɗin manhajar, ya yi dariya ya ce kyauta ce. Na ce, ɗan nan, ni ɗan kasuwa ne, na san ruwa ba ya tsami banza, ko dai ta sata ce? Ya ce a'a, ta sata ai ita ce wadda ake fasa wa makulli a zuba wa mutane a ɓoye, wannan kuwa masu ita ne da kansu suka rubuta cewa kowa ya ɗauka, ya yi amfani, ya gyara, ya ba wani.

Daga nan na sa yarona ya riƙa nemo mini labarinta yana fassara mini da daddare, kuma abin da na fahimta ke nan. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar wannan manhaja, ya baza ta ga duniya tare da asalin rubutun da aka haɗa ta da shi. Kafin shi, tun 1983, wani Ba'amurke Richard Stallman ya fara yunƙurin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin gani da gyarawa. Sharaɗin da aka gindaya shi ne in ka gyara ka raba wa jama'a, to kai ma dole ka buɗe gyaran da ka yi. Da haka dubban mutane a ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙari. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da tasa mai suna Ubuntu don talaka ya iya amfani da ita cikin sauƙi, kuma a kanta aka gina wadda aka sa mana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da yaron ya ce wayar Android da ke aljihuna ma a kan zuciyar Linux take tafiya. Ashe mun daɗe muna ci ba mu san sunan miyar ba.

Duk manomi zai gane wannan magana nan take, domin maganar iri ce. Akwai irin masara na kamfani mai aure, yana ba da amfani sosai, ni ma ina shuka shi, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba zai ba ka kamar na farko ba, dole ka koma ka saya. Akwai kuma irin gero da dawa da muka gada. Ka zaɓi zangarniya mai kyau ka rataye, ka shuka, ka ba maƙwabci, shi ma ya zaɓa ya ba wani, kowace shekara yana ƙara sabawa da ƙasarmu. Ban taɓa cewa a hana sayar da irin kamfani ba. Amma duk garin da ya bari irinsa na gida ya ɓace, ranar da mai kanti ya rufe ko ya tsawwala kuɗi, ranar zai san bai da wayo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To amma, jama'a, ba zan zo jarida in yi muku ƙarya ba. Sabon maigidan nan yana da nasa matsaloli, kuma su ne ainihin dalilin wannan wasiƙa.

Na farko, 'yan hayar Windows ba sa jin yaren Linux. Akwai wata manhajar gwajin jarrabawa da na saya wa yaran da kuɗina, da aka zo sa ta sai ta ƙi tashi, domin mai ita Windows kawai ya yi wa. Matashin nan ya ce akwai wani tafinta da ake sa wa a tsakani, sunansa Wine. Na ce a'uzu billahi, ya ce Baba suna ne kawai, ba abin sha ba ne. Tun 1993 ake aikinsa, kuma aikinsa shi ne in manhajar Windows ta yi magana ya juya wa Linux. Aka sa tafinta, manhajar ta buɗe, tambayoyi suka fito, amma da aka zo wurin sa lambar rajista sai ta cije. Muka nemi wanda ya sayar mana, ya ce shi bai san wani Linux ba. Kuɗina ya tafi ke nan. An kuma gaya mini akwai wasu da suka ɗauki hanya ta daban, suna gina wata babbar manhaja kyauta mai suna ReactOS, wadda za ta karɓi manhajojin Windows kai tsaye ba tare da tafinta ba. Tun 1998 suke kai, har yau tana matakin gwaji. Ban yi musu dariya ba, domin wanda yake ƙera makulli alhali ba a nuna masa cikin kwaɗon ba, dole ya daɗe.

Na biyu, maganar takardu. Ƙungiyarmu ta cika wani fom na neman tallafin taki. Yaron ya buga shi tsaf da LibreOffice, wato manhajar rubutu da lissafi ta kyauta da ke zuwa tare da Linux. Da aka buɗe a kwamfutar wani ofis, sai layuka suka goce, sunan wani ya koma gaban gonar wani. Ma'aikacin ya ce mu je mu sake, kuma shi da manhaja ɗaya kawai yake karɓa. Sai da muka biya a wani shago aka sake bugawa, muka yi asarar kwana biyu da kuɗin mota. Wannan fa daidai yake da ka kai hatsi Dawanau, mai saye ya ce shi da kwanonsa kawai zai auna, kwanon kuma a wurin mutum ɗaya ake sayen sa a duk duniya. Alhali akwai kwanon da kowa ya yarda da shi. Tun 2006 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da wani tsarin ajiye takardu buɗaɗɗe mai suna ODF, wanda kowace manhaja ke da izinin karantawa da rubutawa. Da ofishin nan da shi yake aiki, ko da ya ce a kawo a PDF, da ba mu sha wannan wahala ba.

Na uku, harshenmu. Kowa ya san baƙi daban baki daban, ƙafa daban kafa daban. Mun ji yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi ƙoƙari tun da daɗewa ya samar da haruffan Hausa masu lanƙwasa a kwamfuta lokacin da babu su, Allah ya saka masa da alheri. Yanzu haruffan suna nan cikin tsarin da duniya ta yarda da shi, amma har gobe za ka ga takarda ta fito da ɗan akwati a wurin ƙ ko ɗ saboda an buga da wani tsohon salo. Sannan ita kanta na'urar da Turanci take yi mini magana. In yaron ba ya nan, ni da ita sai kallo. To tunda an ce wannan manhaja a buɗe take, kowa na iya fassara ta, me ya hana mu?

Kuma kada a ce abin baƙo ne a Nijeriya. A 2007 an kai wa yaran makarantar firamare ta Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci masu tafiya da Linux. A wannan shekarar dai aka yi cinikin kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta da wani kamfanin Faransa mai suna Mandriva zai sa wa Linux, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun duniya da labari ya fito cewa za a goge a sa Windows. An kuma taɓa yin wata mai suna Wazobia Linux a ƙasar nan, da niyyar ta yi Hausa da Yarbanci da Ibo. Ina suke yau? Shi kansa Mandriva ya rufe a 2015. A ganina abin da ke kashe irin wannan aiki a wurinmu shi ne muna ɗaukar sa kamar kwangila, a kawo kaya, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, a watse. Ba a koya wa malamai, ba a tanadi masu gyara, ba a waiwaya. Wanda ya yi shuka bai koma noma ba, ai bai isa ya zagi iri ba.

Wasu ƙasashen ma sun sha faɗi-tashi. Birnin Munich na Jamus ya mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma cikin koke-koken da aka yi har da wannan matsala ta rashin jituwar manhajoji da takardu. Duk da haka a 2024 wata jiha a arewacin Jamus ɗin, Schleswig-Holstein, ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta daɗe tana koyar da yaran makarantun gwamnati da irin wannan manhaja. In masu kuɗi suna lissafin abin da suke kashewa, ina ga mu?

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kano da hukumar NITDA, wadda aka kafa tun 2001 don irin wannan aiki, da su duba waɗannan abubuwa.

A sa doka cewa duk ofishin gwamnati da ke karɓar takarda daga talaka, ya karɓa a tsarin da kowace kwamfuta ke iya buɗewa. Wannan ba ya cin ko kwabo, umarni ne kawai. Haka kuma duk wanda gwamnati za ta biya ya yi mata manhajar makaranta ko ta asibiti ko ta haraji, a sa masa sharaɗi ta yi aiki a kan Windows da Linux da waya baki ɗaya. In ana shiga ta intanet ne, to kowa ya huta.

Kada a kwashe tsofaffin kwamfutocin ma'aikatu a jibge a sito ko a sayar wa 'yan gwangwan. A gyara su, a sa musu Linux, a kai makarantun sakandare na Tarauni da Kumbotso da ƙauyuka, inda yaro ke zuwa jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Da babu gara ba daɗi.

Ga malamanmu na Jami'ar Bayero da ta Wudil da Kwalejin Fasaha ta Kano, don Allah ku haɗa ɗaliban kwamfuta da ɗaliban Hausa su zauna wuri ɗaya. Ba mu ce ku ƙera sabuwa daga tushe ba, wannan ɓata lokaci ne. Ku ɗauki wadda ke akwai, ku fassara ta da Hausar da ni da matata za mu gane, ku daidaita allon rubutu yadda ƙ da ɗ da ɓ za su fito da taɓawa ɗaya, ku gwada firintocin da suka fi yawa a kasuwanninmu ku tabbatar suna aiki. In ɗaliban bana sun gama, na baɗi su ɗora daga inda aka tsaya, kuma a mayar da gyaran ga masu asalin manhajar don kada ya mutu a cikin durowar wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'ya'yanmu masu gyara na Farm Centre da titin Beirut, ku koyi wannan aiki, akwai abinci a cikinsa. Kuma ku ji tsoron Allah ku riƙa gaya wa mutum gaskiya. In na'urarsa za ta yi, ku ce za ta yi. In aikinsa dole sai da Windows, kamar masu wasu manhajojin zane ko na ofis da ba su da madadi, shi ma ku gaya masa, kada a cuce shi ta ɗaya gefen.

Ga 'yan'uwana iyaye, kada wanda ya yi gaggawar rabuwa da kwamfutar ɗansa a kan kuɗin goro. A tambaya tukuna. Ana iya gwada Linux daga kan filas ba tare da an goge komai ba, in ta yi maka ka sa, in ba ta yi ba ka zare. Amma kafin a taɓa komai a kwashe takardu da hotuna a ajiye a wani wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tamu dai tana nan tana aiki, har ta fi da sauri wurin tashi. Yaron yana buga takardunsa, yarinyar tana gwajin jarrabawa ta intanet in an samu data, ni kuma masu bashina ba su tsira ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ranar da za ta kai takardarta wani ofis a ce mata ta koma, wai kwanon babanta ba irin nasu ba ne.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya ba mu damina mai albarka, ya sa masu iko su ji, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Manomi kuma ɗan tireda,
Babban Giji, Ƙaramar Hukumar Tarauni,
Jihar Kano.